Abin da Mai Tantabara Ke Dubawa

Cikin duk abin da Bahaushe ke kiwo a gida, tantabara ce kaɗai ake buɗe wa ƙofa da safe ta tashi sama har ta ɓace wa gani, mai ita kuma ya kama harkar gabansa hankali kwance. Akuya sai da turke, doki sai da dabaibayi, shanu sai da makiyayi da sandarsa. Ita kuwa ba igiya ba tsaro. Takan tsallake unguwanni, ta sauka a masussukar wani ƙauye ta yi kala, in rana ta yi sanyi ta juyo ta faɗa tukunyarta ba tare da kowa ya kira ta ba. Abin da ke dawo da ita yana cikin ɗakin nan nata: ruwa a kasko, 'yar dawa ko tsaki, abokin zama, da wurin da za ta runtsa ba a firgita ta ba.

Saboda haka ran da aka ƙirga da magariba aka ga ɗaya babu, kalli abin da gwanin kiwo zai yi. Zai bari gari ya waye tukuna, don wata takan yi dare a hanya. In ta kwana biyu, sai ya ɗauko tsani da tocila ya hau, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Ko gafiya ta yi rami ta baya? Ko maciji ya saba da shan ƙwai? Ko muzuru ne ke hawowa ta katanga cikin dare? Zai shafa cikin tukunyar ya ga ko ƙuma ta yi yawa, ya duba kaskon ruwa, ya lura ko wani ƙaton namiji ne ya ƙwace mata wuri yana saran ta. Ban taɓa jin mai tantabara ya tsaya a tsakar gida yana cewa "wannan tsuntsuwa dama 'yar iska ce" ba.

To a sa yaro ɗan shekara 15 a wannan gurbin. An wayi gari shimfiɗarsa babu kowa, an nemi kuɗin cefanen da ke ƙarƙashin katifa an rasa. Kafin a kai cigiya gidan mai unguwa ko gidan rediyo, an riga an yanke hukunci a tsakar gida. "Ai dama kangararre ne." "Halin dangin uwarsa ne ya taso masa." "Abokan banza ne suka hure masa kunne." In an rasa ta cewa, sai wata tsohuwa ta rage murya ta ce wa maigidan, "Ɗan nan, wannan ba yin kansa ba ne, kurciya aka yi masa," a bazama gidajen malamai neman kiranye. Wasu daga cikin maganganun nan suna iya ɗaukar 'yar gaskiya. Amma duka sun haɗu a wuri ɗaya: babu wadda za ta sa maigida ya ɗauko tsani.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke da wannan hali. Inda aka fi ko'ina rubuce-rubuce a kan yaran da ke gudu daga gida, wato Amurka, da ƙafar nan suka fara. A 1851 wani likita a jihar Louisiana, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa bayi baƙar fata gudu daga iyayengijinsu, ya raɗa mata suna, ya ce bulala na cikin rigakafinta. Yau wannan abin dariya ne da takaici, sai dai tunanin bai bi shi kabari ba. A 1968 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na biyu na kundin da take jera cututtuka a ciki, wanda ake kira DSM, sai ga gudun gida a jerin larurorin yara da matasa. An siffanta mai larurar da cewa hankalinsa bai kai shekarunsa ba, yana da tsoro, ba shi da abokai, yakan yi 'yan sace-sace a ɓoye, kuma yana jin ba a son sa a gida. Wannan ta ƙarshen ita ce abin lura. An lissafa ta cikin alamomin ciwon yaron, alhali tambayar da ta kamata ita ce ko abin da yake ji gaskiya ne. A bugun 1980 an cire gudun gida a matsayin cuta mai zaman kanta, amma har a bugun 2013 yana nan cikin alamomi 15 na larurar kangarar yara: kwana a waje a guje sau biyu, ko sau ɗaya in an daɗe ba a dawo ba.

Gawarwaki ne suka farkar da Amurkawa. A watan Agustan 1973, a birnin Houston na jihar Texas, aka tono gawarwakin yara maza da samarin da wani mutum mai suna Dean Corll ya yi kusan shekara uku yana kashewa, aƙalla su 28. Iyaye da dama sun kai rahoto tun ɓatan 'ya'yansu, 'yan sanda suka ce musu gudu suka yi, za su dawo don kansu. Da zarar an liƙa wa yaro sunan mai gudun gida, nemansa ya daina zama dole. Shekarar da ta biyo, 1974, majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ware kuɗin buɗe gidajen saukar irin waɗannan yara, aka kuma fara janye su daga gidajen kaso, inda ake haɗa su da ɓarayi alhali laifinsu barin gida ne kawai.

Daga nan ne masu bincike suka fara hawa tsanin. Waɗanda aikinsu ya fi kama hankalina su ne Les Whitbeck da Dan Hoyt, masana zamantakewa, da suka tattauna da matasa 602 a kan titi da gidajen sauka a jihohi huɗu na tsakiyar Amurka, suka fitar da sakamakon a 1999. Yaran sun ba da labarin duka da zagi da barazana da makami, 'yan mata da yawa kuma sun ba da labarin lalata daga wani babba na cikin gida. Mai saurin zargi zai ce ai yaro zai faɗi komai don ya wanke kansa. Masu binciken ma sun yi wannan tunanin, shi ya sa suka nemi yardar wasu daga cikin yaran, suka je suka ji ta bakin iyayensu ko masu riƙonsu. Manyan sun rage kaifin wasu abubuwa, kamar yadda kowa zai yi in aka zo kan gidansa, amma labarin bai sauya ba: ba a sa ido kan inda yaro yake, ba a jan sa a jiki, kyara ta yi yawa, hannu kuma yana saurin tashi, a wasu gidajen ma daga ɓangarorin biyu.

Ƙidayar da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ɗauki nauyi ta nuna cewa a 1999 yara kusan miliyan 1.7 ne suka gudu daga gida ko aka kore su. Biyu cikin uku 'yan shekara 15 zuwa 17 ne, maza da mata kusan daidai. Fiye da uku cikin huɗu ba su cika mako guda a waje ba. Wannan adadi na ƙarshe yana da amfani ga iyayen da ke cikin tashin hankali, kuma yana nuna cewa gudun farko, ga mafi yawan yara, saƙo ne. Bakin ya kasa faɗa, ko ya faɗa ba a ji ba, sai ƙafa ta faɗa.

Akwai kuma waɗanda ake cusawa cikin masu gudu alhali korar su aka yi. Mai tantabara ya san wannan sarai. Tantabara ƙwai biyu take yi, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kwana 18 ko kusa da haka, sannan su biyun su ciyar da 'yan shila baki da baki. Amma da 'yan shilan sun yi kamar wata guda, iyayen sun sake sabon ƙwai, sai ka ga uban da jiya yake ɗura musu abinci yau yana saran su a ka har su bar tukunyar. A wurin tsuntsu tsari ne mai ma'ana, domin ɗan shilan ya isa tashi, ga kuma wata tukunya a gefe. Ɗan mutum a shekara 14 bai isa tashi ba, tukunyar gefe kuma sau da yawa babu ita. Ƙungiyar Children's Society ta Birtaniya, a binciken da ta fitar a 1999 ta kuma maimaita a 2005, ta ƙiyasta cewa yara kusan 100,000 'yan ƙasa da shekara 16 ke kwana a waje a guje kowace shekara a ƙasar. Yaran da ke zaune da mijin uwa ko matar uba sun fi sauran yawa a cikinsu in aka yi la'akari da adadinsu, wasu da dama sun ce tilasta musu fita aka yi, kuma kusan biyu cikin uku sun ce ba wanda ya kai rahoton ɓatansu ga 'yan sanda. Wanda ya taɓa zama agola ba ya buƙatar a yi masa tafsirin waɗannan alƙaluma. Na san akwai matan uba da suka fi uwar mutum riƙe shi, kuma ba kaɗan ba ne. Amma gidan da aka sake sabon ƙwai gida ne da ya kamata mai shi ya ƙara sa ido.

Wani zai ce, to ke nan halin yaron ba shi da hannu? Yana da shi. Gafiya ɗaya ce ke shiga ɗakin, amma ba duka tantabarun ke tashi ba. Wata tun daren farko ta bar gidan. Wata ta koma kwana a kan katanga, ba ta tafi ba, ba ta shiga ba. Wata kuwa ta zauna daram a tukunyarta, ta daina ƙwai, ta yi ta ramewa. Haka 'ya'yan gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, bulala ɗaya. Gida ne ke haifar da dalilin tafiya, hali kuma shi ke zaɓen wanda zai fara kama hanya.

Abin da ya fi fitowa fili a halin masu gudu shi ne gaggawa. Yawancinsu ba shiri suka yi ba. An yi cacar baki da dare, ko an yi masa mari a gaban ƙannensa, zuciya ta ɗebe shi, ya fita da rigar da ke jikinsa da silifa. In ka tambaye shi inda ya yi niyyar kwana, zai kalle ka kawai, don tunaninsa bai kai can ba. Masana ƙwaƙwalwa sun bayyana dalili. Sashen da ke hura fushi da sha'awa da son a yaba wa mutum yana farkawa da ƙarfi da zarar an balaga, amma sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya dakata ya auna ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Kowane matashi yana cikin wannan tsakanin, sai dai wani an haife shi da zafin zuciya fiye da wani, kuma gidan da ake magance komai da ihu da duka bai taɓa nuna masa yadda ake haɗiye fushi ba.

Ƙarƙashin taurin kan akwai abin da ba a cika gani ba, wato raina kai. Yaron da ke ɗaga kafaɗa ya ce "ni ba ruwana da kowa" sau da yawa shi ne wanda ya gama yarda da abin da aka daɗe ana gaya masa: ba ka da amfani, ba za ka yi albarka ba, dubi ɗan'uwanka. Ya ɗauka ko ya ɓace ba wanda zai rasa barci. Wasu ma don gwada hakan suke fita, su laɓe a gidan aboki ko bayan makaranta suna jiran su ji ko an fito nema. Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon damuwa a jikin matashi ba lallai ya zo da kuka da zaman ɗaki ba. Yakan zo da fushi, da saurin hasala, da amsa magana a tsaye. Mu kuwa da mun ga haka sai mu ce rashin kunya, mu ƙara bulala. Ciwo ne ake yi wa horo.

Sai kuma zaman ɗar-ɗar. Tantabarar da muzuru ya taɓa kai wa cafka, ko inuwar hannu ta gani sai ta tashi, ko da hannun hatsi ya kawo. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Kenneth Dodge, da abokan aikinsa sun nuna a 1990 cewa yaran da aka yi wa mugun duka tun suna ƙanana sukan fassara abin da ba shi da tabbas a matsayin mugunta. An bangaje shi a layi, ya ce da gangan ne. Malami ya kira sunansa, ya ɗauka tozarci ne ke tafe. Irin wannan yaro gwani ne wajen karanta fuska. Daga yadda uban ya ajiye takalmi a zaure ya san ko yau za a kwana lafiya. Ba ya yarda da manya, yana ƙarya ko ba dalili, domin ƙarya ce ta sha ceton fatarsa. Wannan dabara ce da ta yi masa amfani a gida, amma ita ce ke sa malamin makaranta da mai unguwa da duk wanda ya so taimakonsa su gaji da shi da wuri.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ya yanke ƙauna daga tasirin aikinsa. "Ko na yi daidai duka, ko na yi kuskure duka." A gidan da horo ba ya bin laifi sai dai ya bi yanayin da babba ya tashi da shi, yaro yana koyon cewa ƙoƙari ba ya sauya komai. Ya share gida an zage shi, bai share ba an zage shi. Ran da ya fita bai dawo ba, ranar ce ya fara yin abu ya ga sakamako: gida ya rikice, ana ambaton sunansa, wani ya yi kuka. Wannan darasi ne mai haɗari, kuma shi ne ke mai da gudun farko ya zama na biyu da na biyar.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu bincike. In ka sami yaro a titi ka auna shi ka ga damuwa da shaye-shaye, ta yaya za ka san da su ya fito ko a can ya same su? Joan Tucker da abokan aikinta a cibiyar bincike ta RAND sun bi matasa fiye da 4,000 tun suna wajen shekara 15 har suka kai 21, suka wallafa a 2011. Tun kafin a gudu, waɗanda daga baya suka gudu sun fi sauran jin cewa iyaye ba sa mara musu baya, sun fi janye jiki daga makaranta, sun fi damuwa, sun fi taɓa kayan maye. A shekara 21 kuma, ko bayan an cire tasirin waɗancan abubuwa na farko, sun fi sauran damuwa da dogara da ƙwaya. Wato da rauni aka fita, waje kuma ya ƙara zurfafa shi. Maganar makaranta a nan ba ƙarama ba ce. Yaron da gida ya yi wa zafi amma yana da malami ɗaya da ya san sunansa, ko ƙungiyar ƙwallo da ke jiran sa da la'asar, yana da tukunyar gefe.

Duk da haka ba zan yarda a ce duk mai gudu mai rauni ne ba. Lewis Aptekar, wanda ya zauna da yaran titi a birnin Cali na ƙasar Kolombiya ya wallafa abin da ya gani a 1988, ya tarar da yawancinsu da kaifin basira da iya zama da mutane, har ya kai ga ganin cewa wasunsu sun fi 'yan'uwansu da suka zauna gida ƙwarin zuciya. A ƙasar Hausa mun san wannan a jikin yarinyar da aka sa wa ranar aure da wanda ba ta so, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin goggo, aka ce ta yi haƙuri, ta tsallake katanga da asuba. Za a kira ta mara kunya. Amma wadda ta iya auna cewa abin da ake shirin yi mata zalunci ne, ta nemi kuɗin mota, ta san garin da ƙanwar uwarta take, ba hankali ta rasa ba. Ita kuwa wadda ta zauna ta daina cin abinci, ta daina magana, ita muke yaba wa da haƙuri, kuma ita ce ba wanda zai taɓa kai wa likita, tunda ba ta tayar wa kowa da hankali ba.

Ba kowace tafiya ce kora ba, wata ja ce. Yaran unguwa masu kiwo sun san wannan wasa: ka saki garkenka ya yi shawagi, baƙuwar da ta rabu da nata ta shiga cikinsu, su sauko tare, ka watsa hatsi, shi ke nan ta zama taka. Matashi ma haka yake da garke. Laurence Steinberg da Margo Gardner sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2005, inda suka sa mutane tuƙin mota a wasan kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci abokai biyu na kallo. Manya ba su sauya tuƙi sosai ba. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kuwa gangancinsu ya kusan ninkawa da zarar abokai na wurin. Yanzu garken ma ba sai ya zo ƙofar gida ba, yana cikin waya, yana aiko da hoton birni da alkawarin aiki ko na aure. Sai dai ko a nan masu kiwo za su gaya maka cewa wadda ke da abokin zama da ƙwai a tukunya da wuya ta bi baƙon garke. Ana samun gida mai kyau da yaro ya bari saboda ciwon ƙwaƙwalwa da ya taso masa, ko ƙwaya da ta riga ta kama shi, kuma zalunci ne a ɗora wa irin waɗannan iyaye laifi. Amma su ma sai an hau an duba ake sanin su ne.

A nan ne misalin ya rabu da gaskiyar ɗan Adam. Tantabarar da ta sauya gida ta sami wani kasko da wata tukunya, rayuwarta ta ci gaba. Yaro tasha yake samu, ko ƙarƙashin gada, ko ɗakin wani da ya ce "zo ka kwana a wurina" da wata manufa. Whitbeck da Hoyt sun bayyana yadda abin ke tafiya: wanda ya fito daga gidan duka yana saurin faɗawa cikin garken da ke da irin tarihinsa, yunwa ta tura shi sata ko tallar ƙwaya ko sayar da jiki, waɗannan kuma su jefa shi hannun masu cutar da shi fiye da na gida. A wani binciken da Whitbeck da abokansa suka yi kan matasa 428 'yan shekara 16 zuwa 19, wanda ya fito a 2004, sun ga yiwuwar mai gudun gida ya haɗa larurar ƙwaƙwalwa biyu ko fiye ta ninka ta tsaransa sau shida, kuma wajen ɗaya cikin uku na ɗauke da ciwon firgicin da ake gani a jikin waɗanda suka tsira daga yaƙi. Wanda ya ga irin wannan yaro bayan shekara biyu a tasha, idonsa ya bushe, bakinsa ya yi kaifi, zai rantse haka aka haife shi.

Masu kiwo suna da wata dabara ga sabuwar tantabara: a fige mata gashin fiffike ko a ɗaure shi da zare, don kada ta koma inda ta fito. Amma kowane mai kiwo ya san wannan jinkiri ne kawai. Gashi zai tsiro cikin makonni. In kafin nan ta saba da ruwan gidan, ta sami miji, ta yi ƙwai, ta zauna. In ba haka ba, ran da fiffike ya cika ranar za ta tafi. Mu mun ɗauki rabin dabarar mun bar rabi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonnin da suka biyo aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu kangararru. Ban ɗauki iyayen nan miyagu ba. Mutane ne da suka rasa yadda za su yi, ba likitan ƙwaƙwalwa kusa, ba mai ba da shawara, sai wanda ya ce kawo shi. Amma yaron da matsalarsa ita ce bai yarda da manya ba, aka sa masa sarƙa da sa hannun ubansa, me ake jiran ya fito da shi?

Saura ranar dawowa, wadda a ganina ta fi ranar tafiya nauyi, tunda yawancinsu suna dawowa. Tantabarar da ta yi kwanaki a waje ba ta faɗawa tukunya kai tsaye. Kan katanga take sauka, tana karkata kai tana duban tsakar gida. Mai ita ba ya ɗaga murya, ba ya kai hannu. Hatsi yake watsawa ya koma gefe. Yaro ma yakan tsaya a bakin layi, ko ya aiko aboki ya ji yadda gida yake. In abin da ya tarar shi ne a kulle ƙofa a tara 'yan'uwa a zane shi, ya koyi abu ɗaya: in ya sake fita, kada ya dawo.

A Ingila, ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2014 ta ce duk yaron da ya gudu ya dawo, a ba shi damar ganawa cikin awa 72 da wani wanda ba shi ne ke riƙonsa ba, a tambaye shi me ya fitar da shi, ina ya kwana, wa ya gamu da shi, me yake tsoro. Mu muna da mai yin wannan aiki tun kafin a yi dokar, sai dai mun juya masa aikin. Kawu ko goggo ko limamin unguwa ne ke riƙo hannun yaro ya kawo shi zaure, amma abin da yake zuwa yi shi ne ba da haƙuri: "Yaya, a yi masa afuwa, yaro ne, ba zai ƙara ba." A sa yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, na tuba." Kowa ya watse. Ba a tambaye shi komai ba, ko an tambaya a gaban wanda yake tsoro aka tambaya. Kakar da za ta ja shi ɗakinta bayan an watse, ta zuba masa tuwo, ta ce, "Maigidana, gaya mini, wa ya taɓa ka?" takan ji abin da ba a faɗa a zaure ba. Wahalar ita ce abin da za ta yi da shi in ta ji, domin sau da yawa sunan da yaron zai ambata na ɗanta ne, ko na matar da ɗan nata ya fi so, ko na wani baƙo da gidan ke girmamawa, kuma a gidan nan take ci take sha.